Layin da Aka Sa a Saman Nawa

Wanda duk ya buɗe littafin nan ba da izinina ba, ni da shi sai gaban Allah. Har ke, Injiniya.

Litinin, 3 ga Maris

Injiniya, 'yata ta biyu, ta kafa wani akwati a lungun falo. Suwic take ce masa. Duk wayoyin kwamfutocin gidan nan a cikinsa suke haɗuwa. Ta ce ana rubuta masa jerin dokoki, wannan ya wuce, wannan kar ya wuce. Na ce to rubuta: shafin intanet na Yayanku kar ya shigo mini gida. Yaron da ya bar karatun likita ya kama ɗaukar hoto da bidiyo, shekara guda yana mana ƙarya. Ta rubuta a gabana, na karanta da idona.

Juma'a, 14 ga Maris

Babansu ya koma yin walaha a ɗakinsa, ƙofa a rufe. Wai lissafin fansho.

Talata, 8 ga Afrilu



Na sa Injiniya ta buɗe mini jerin in duba. Layina yana nan, amma na biyu ne. Akwai wani a samansa, da lamba tamanin da shida a gefe. Na tambaya, ta hau sosa kai. Wai akwatin daga sama yake karantowa, dokar da ya fara tararwa ta dace ita yake bi, ba ya ko kallon na ƙasa. Layin saman kuwa izini ne ga kwamfutar Babansu. Lambar, sau nawa aka wuce ke nan.

Ashe dokata ado ce. Ba su goge ta ba, tsallake ta suka yi, suna gaishe ni kullum safe.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na tare Babansu. Ko musu bai yi ba. Ya ce, "Ke kika yi fushi da yaron, ni ban yi ba." Shekara talatin da aure!

Ban ci abinci da kowa ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Injiniya ta zo ba da haƙuri, ta durƙusa. Na yi mata faɗa sosai a kan amana. Da za ta tashi ta ce a hankali, "Mama, layinki ma ya tare sau uku. Duka daga kwamfutar falo."

Na ce ƙura nake gogewa. Yarinyar nan ba ta da kunya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na tara su. Daga yau ba a sa layi a saman nawa. An cire izinin ɗakin Babansu, an mai da shi falo. Mai son ganin yaron nan ya gan shi a falo, ƙofa a buɗe, da sauti yadda kowa zai ji.

Ban yafe ba. Kujerata ce dai take wurin tun da can.

Yaron ya rame.