Kirarin da Sabelo Bai Karɓa Ba

Soweto, watan Janairu.

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa ta ladabi da girmamawa daga 'yarki Fikile, matar marigayi ɗanki, ina durƙushe daga nan inda nake. Ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, gwiwar nan ta sassauta, ruwan bana kuma bai kwantar miki da masara ba. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya bar mana ke. Mu ma nan lafiya lau. Jikarki Amahle ta yi tsawo har tana neman wuce ni, bakinta kuwa ya fi tsawon nata. Na san Londeka ce za ta karanta miki, to Londeka, ki bi a hankali, kada ki tsallake komai don tausayin wani. Na zaɓi rubutu ne saboda in na kira ki a waya kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba.

Mama, sakamakon jikanki Sabelo ya fito, kuma bai samu takardar gama makaranta ba. Na san za ki ce ina aka taɓa, yaron da malamai ke nuna shi da yatsa. Lissafi ya ci, kimiyya ya fi kowa a ajinsu, Turanci kuwa ba a magana. Abin da ya kayar da shi Zulanci ne. Ƙwarai kuwa, harshenmu! Ƙa'idar ita ce kowane ɗalibi ya ɗauki darasi bakwai, biyu daga ciki harsuna, ɗayan ya zama harshen gida, shi kuma dole a samu arba'in cikin ɗari. In ba a samu ba, ko sauran an cinye su kaf, babu takarda. Shi talatin da bakwai ya samu. Jami'ar da ta ajiye masa gurbin karatun injiniya ta janye, bana dai ta wuce shi.

Shekara uku da suka wuce, da aka ce su zaɓi darussa, makarantar ta ba su damar ɗaukar Turanci ko Zulanci a matsayin harshen gida. Malam Ndwandwe mai koyar da Zulancin ya ja masa kunne, ya ce abin da suke yi a titin Soweto fate ne, an zuba Zulu da Sotho da Turanci da yaren Turawan gona an dama, ba shi ake tambaya a jarrabawa ba. Jikan naki ya dawo gida yana dariya, wai wa ya taɓa faɗuwa a harshen da ya sha a nono, wannan maki ne na kyauta, lokacinsa na lissafi ne. Littafin waƙoƙin da aka ba su, da shi yake tokare taga. Ni kuwa ina zan gane ramin? Uwata 'yar ƙabilar Sotho ce, a nan aka haife ni, ke da kanki kika ce ranar aurena Zulancina yana ɗingishi amma zai kai gida.

Sai shekaranjiya ya gaya mini abin da ya faru ranar jarrabawar baka. An turo wani dattijo daga waje ya sa ido. Da ya ji sunan gidanku, Biyela, sai fuskarsa ta washe, ya ce shi ma mutumin wajajenku ne. Ya ajiye alƙalami, ya ɗaga murya ya ɗauko kirarin gidanku tun daga kakan farko, ya kai tsakiya ya tsaya, yana jiran yaro ya karɓa. Sabelo ya ce ya ji kalmomin a kunnensa sarai, har da muryarki, amma bakinsa ya ƙi. Ya tsaya yana kallon takalminsa, daga ƙarshe ya ce wa dattijon ya gode, da Turanci. Dattijon bai yi faɗa ba, ya dai tambaye shi ko babu babba a gidansu ne. Ba wannan kaɗai ya kayar da shi ba, a rubutun ma ya sha ƙasa, amma wannan tambayar ce ta hana shi cin abinci.

Ita ce ke ci na ni ma, Mama. Akwai babba a gidan! Bayan rasuwar babansu kin bar gonarki kin zo kin zauna da mu. Kullum da safe in ya fito da kayan makaranta, sai ki tare shi a bakin ƙofa da wannan kirarin, shi kuma ya toshe kunne da abin jin waƙa ya ce Gogo, wato ke kakarsa, ta kunna rediyo. Ranar da ya kwaikwayi maganarki gaban abokansa suna ta ƙyaƙyata dariya, na mare shi, ke kuma kika ce in bar shi, yaro ne. Amma daga ranar ba ki ƙara yi masa kirarin ba, kuma ba a daɗe ba kika ce sanyin birni ya dame ki, kika koma. Kowa ya san ba sanyi ba ne. Kaico! Malamar tana cikin gida, tana yi masa darasi a kyauta kowace safiya, muka raka ta tasha.

Ya roƙe ni in faɗa masa kirarin. Baiti biyu kawai na riƙe, su ma na bikin aure ne. Babansu ya iya shi duka, ya tafi da shi. Na ga yaron ya zauna a bakin gado yana maimaita baiti biyun nan, ƙaton saurayi da gemu na tsirowa, wallahi sai na fita waje don kada ya ga idona.

Za a ba su damar sake rubuta darasin a tsakiyar shekara. Malam Ndwandwe ya ce littattafai zai ba shi, amma kunne sai a gida. Shi Sabelo da bakinsa ya ce yana so ya zo wurinki, ya yi kiwon awaki, ya ɗebo ruwa, ya ci tuwon masara da nono, ya zauna inda ba mai ce masa komai da Turanci. Sai dai yana tsoro. Ya ce ya san za ki ba shi abinci da wurin kwana, don ba ki taɓa korar kowa ba. Abin da bai sani ba shi ne ko za ki sake kiransa yadda kike kiransa. Na ce masa wannan ba ni da amsarsa, ba kuma zan ari bakinki ba.

Ki gaishe mini da Baba Mkhize da iyalinsa, da matan coci, da Anti Nomusa da jaririnta. Londeka, na gode, akwai takalminki a jakarsa. Amahle na gaishe ki, ta ce a aiko mata da gyaɗa.

Zai shigo motar Eshowe ranar Asabar ta ƙarshen wata. Ba ni da ikon sa ki, Mama, roƙo nake. In ya sauka a bakin shinge kin ga za ki iya, ki ɗauko masa daga farko. Baiti biyu ya iya. In kin zo kansu ki ɗan tsaya, ki ba shi lokaci, wannan karon kunnensa a buɗe yake.

Taki mai biyayya har kullum,
Fikile, uwar Sabelo.