Alamomi Arba'in da Ɗaya a Taswirar Orval

Jejin kudu da Burns, Oregon
19 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Ardis,

Ina gaishe ki da kyau, gaisuwar kewa da son ganin juna, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗanki Wendell da iyalinsa. Yaya gwiwar tamu? Wendell ya ce wa 'yata Dena wai kin ƙi riƙe sanda don kada 'yan coci su ce kin tsufa. Yaya, shekararki saba'in da takwas, ai sun riga sun sani, ki riƙe sandarki kawai. Allah ya ƙara miki sauƙi, ya sa ki fita sanyin Maine na bana lafiya. Ni dai jikina lau, tarin nan ya tafi. Dena tana nan Boise da mijinta, yaransu sun koma makaranta. Maigidana Orval kuwa jikinsa garau, yana cin wake da nama kamar mai shirin noma. Kan ne dai, kuma maganar kan ce ta sa na zauna rubuta miki wannan doguwar takarda.

Kin sha yi mini faɗa tun da muka sayar da gida muka tare a ɗan ɗakin da ke bayan a-kori-kurarmu, yau shekara shida. Ban taɓa yin da-na-sani ba, sai bana. Ciwon mantuwar Orval ya yi nisa fiye da yadda na riƙa gaya miki a waya. Wata rana ya san ni, wata rana ya ɗauke ni wata mata ce mai kirki da ke dafa masa abinci. A watan Afrilu likita da Dena suka haɗa baki suka samo masa gado a gidan kula da tsofaffi a Boise, daga ɗaya ga Nuwamba. Na yi musu tsaye. Na ce mutumin nan ya sa na yi masa alkawari, tun yana da hankalinsa, cewa ba zan bari a kulle shi cikin bango huɗu ba. Na roƙi Dena ta ba ni damina da kaka, in nuna mata zan iya riƙe shi a daji. Ta yarda, amma ta ce in ya sake ɓata, ko in lokacin ya cika ban sami inda zai natsu ba, magana ta ƙare.

Abin da na lura shi ne, hayaniya ce ke birkita shi. In muka sauka inda babu kowa, sai ya zauna a kujerarsa yana kallon barewa, ya fasa itace, har ya tsokane ni cewa kofin da nake dafa masa ruwan wanki ne. Amma in akwai mutane kusa, da karnuka da ƙarar janareta, sai ya tashi ya kama tafiya, wai zai koma gida. A watan Yuli na tsinto shi mil uku daga mota da takalmi ƙafa ɗaya. Ga kuma dokar kwana goma sha huɗu: ƙasar ta gwamnati ce, kowa ya sauka kyauta, amma sati biyu na cika sai ka tattara ka yi nisa. Dena ta zuba mini taswira a waya wadda ke aiki ko babu sabis, har da wuraren sauka. To amma duk wurin da waya ta sani, duniya ta sani. Kina isa za ki tarar da mota bakwai, da wani yaro mai gemu yana ɗaukar kansa hoto.

Shi ya sa na ɗauko tsofaffin taswirorin Orval na takarda, waɗanda ya naɗe cikin bututun roba. Kin san su. Alamomi arba'in da ɗaya ne da fensir, ƙananan gicciye, kowanne wurin sauka ne da ya gano da ƙafarsa a shekara hamsin na farauta: nan idon ruwa, nan inuwa, nan kwarin da iska ba ta shiga. Na ce shi ke nan, na sami mafita, wurare arba'in da ɗaya ai sun ishe mu har ƙarshen rayuwa. Sai dai ni ban san hanyar ko ɗaya ba. Shekara arba'in da shida ina zaune a gefen direba, ina riƙe da fulas ɗin kofi ina saƙa, shi yana riƙe da sitiyari da taswira. In na tambayi inda muke sai ya ce in ci gaba da saƙata, ba a taɓa ɓatar da ni ba. Ni kuma, sakarai, na ji daɗin hakan.

Na zauna na koyi abin da ya kamata in koya tun ina da baƙin gashi. Na koyi yadda ake aza kamfas mai nuna arewa a kan takarda, da yadda layukan nan masu lanƙwasa ke nuna tudu da kwari, da launin da ke raba ƙasar gwamnati da ta masu kiwon shanu. Na ɗauki alama ta farko, na auna, na shigar a waya, na yi awa huɗu ina tuƙi a kan duwatsu. Ɗigon shuɗin da ke wayar, mai nuna inda muke, ya hau daidai kan wurin. Na fito na duba: tsandauri ne fetal, babu ruwa, babu itace ko na rataye hula. Na ce ni ce ban iya ba. Ta biyu ta kai ni bakin wani rami. Ta uku kuwa tsakiyar busasshen tafki, ƙasa fara fat kamar gishiri. Na zauna a ƙofar mota na yi kuka, Orval yana bubbuga kafaɗata yana cewa kada in damu, mijina zai zo ya ɗauke ni.

Wata malamar daji ce ta warware mini. Ta zo ne ta tuna mini na wuce kwanakina da ɗaya, ta tarar da ni na baje taswirar a kan murfin injin. Yarinya ce mai hankali, ba ta kai shekarun Dena ba. Ta duba alamomin, ta soma dariya, da ta kalli fuskata sai ta daina. Ta ce kakanta ma haka yake yi: tsofaffin mafarauta ba sa sa alama a ainihin wurin, sai su karkatar da ita mil ɗaya ko biyu, don ko wani ya leƙa taswirar kada ya amfana. Yadda aka karkatar ɗin kuwa yana cikin kan mai ita. Tana faɗa nan take na tuna.

Ke ma za ki tuna. Shekarar da aka haifi Dena, Orval ya manta taswirarsa a teburin wani gidan abinci a Winnemucca, bai koma ya ɗauko ba sai washegari. Da kaka ta zagayo ya je wurin da ya fi so, ya tarar da tanti shida da gwangwanayen giya. Bayan nan ne shi da mijinki, marigayi Royce, suka kwashe yinin Lahadi guda a teburin kicin ɗinki, da abin goge fensir, suna gogewa suna sake sawa, suna ƙyaƙyata dariya kamar yaran da suka saci alewa. Ni da ke muka kore su don za mu jera abinci. Har kika ce wa Royce in bai kwashe takardun nan ba za ki kunna murhu da su. Da na san abin da suke yi ke nan, da na ja kujera na zauna.

Ban haƙura ba. Akwai wuri ɗaya da na gane da idona, saboda wani dutse mai kama da tukunya a kife. Na auna tsakaninsa da alamarsa, na sami mil biyu arewa maso gabas. Na yi murna har na soya mana ƙwai da rana tsaka. Na gwada wannan awon a kan alama ta gaba, ban sami komai ba, ta gaba ma haka. Ashe kowace da irin nata karkatarwar. Daga Mayu zuwa yau na bi alamomi goma sha uku, na fasa taya biyu, na sami wuri ɗaya tak, shi ma kwana goma sha huɗu aka yarda mu yi a cikinsa. Waɗannan kwanakin su ne mafi daɗi a shekarar nan, ko sau ɗaya bai yi yunƙurin tafiya ba.

Wurin da na fi nema shi ne wani idon ruwa a ƙarƙashin itatuwa masu farin ɓawo, inda ya kai ni sati na farko bayan aurenmu. Shi ya sa masa suna Ɗakin Nola. Ya manta sunan jikokinsa, ya manta yadda ake ɗaure igiyar takalmi, amma kusan kullum sai ya tambaya yaushe za a koma Ɗakin Nola. Na sa a raina cewa in na kai shi can, wataƙila zai kalle ni ya san ni, ya kuma zauna. Na san ba haka ciwon yake ba, ba sai kin gaya mini ba. Amma da wannan tunanin nake tashi kowace safiya.

Ranar Laraba da hantsi ya tashi da sauƙi. Ya aske gemunsa da kansa, ya zaro taswirar daga bututun, ya shimfiɗa a kan teburinmu na ninkewa, ya danne kusurwoyin da duwatsu kamar yadda ya saba. Ina wanke kofuna ina satar kallonsa. Na ga ya aza yatsa a kan wata alama, sannan ya ja yatsan a hankali ya bar alamar, ya haye wani layi, ya tsaya, ya yi murmushi. Yaya, abin yana nan a kansa. Na goge hannuna na matso a hankali, na ce Orval, nuna mini Ɗakin Nola mana. Sai ya kife tafin hannunsa a kan takardar.

Ya dube ni cikin ladabi ya ce, “Baiwar Allah, kina da kirki, kuma abincinki da daɗi, amma wannan ba na nuna wa kowa. Na matata ne.” Na ce to ai ita ma matar taka ba ka taɓa nuna mata ba. Ya yi dariya, irin dariyarsa ta dā, yana naɗe taswirar. Ya ce, “Me za ta yi da shi? Ai ina nan. Ni ke kai ta.”

Na ƙarasa wanke kofunan. Da la'asar ina zuba ruwa a tanki na juya ban gan shi ba, sai can na hango shi ya yi nisa cikin fili da bututun a hammata. Da ƙyar na cim masa, ƙirjina kamar zai fashe, ga hadarin ƙanƙara ya haɗo a kan duwatsu. Ya ce in ƙyale shi, Nola tana jiransa. Washegari na tuƙa zuwa kan tudun da ake samun sabis na kira Dena, na ce ta gaya wa gidan tsofaffin muna zuwa. Ta yi kuka ta ce Mama kin yi iyakar ƙoƙarinki. Na kashe wayar, don ba na son jin wannan maganar, kuma ke ma don Allah kada ki rubuto mini ita. Haushi nake ji, Yaya. Ina jin haushinsa da wayonsa na banza, ya ɓoye wa duniya har ya ɓoye wa matarsa. Na fi jin haushin kaina da saƙata.

Ga roƙona. Royce kaɗai ya san yadda suka karkatar da alamomin nan. In akwai sauran akwatunansa a ɗakin ajiya, ki sa Wendell ya sauko da su, a duba ko akwai taswira ko ɗan littafi mai lambobi da fensir. Na san da wuya, na tuna kin rabar da kayan farautarsa bayan jana'iza. Na kuma san ko an samu, kafin ya iso ƙanƙara ta rufe hanyoyin tudu, kuma wanda ya shiga gidan tsofaffin nan ba a cika fito da shi ba. Duk da haka ki duba mini. Ko ni kaɗai ce, ina so in je wurin nan sau ɗaya da ƙafata, in san a ina yake.

Ki gaishe mini da Wendell da matarsa Patsy, ki ce na gode da safar ulun da ta aiko, Orval ba ya cire ta. Ki shafa mini kan jikokinki Ione da ƙaramin Royce. Ki gai da maƙwabciyarki Misis Thibodeau, Allah ya ba ta lafiya. Ki sa mu a addu'a ranar Litinin ta sama, ranar za mu kama hanyar Boise. Zan ba shi taswirarsa ya riƙe a cinya, don hakan ne kawai ke zaunar da shi a mota. Na san in mun kai mararrabar da ke bayan Burns zai ɗaga yatsa ya ce in yi dama, wajen daji, kamar kullum. Shekara arba'in da shida ban taɓa saɓa masa a kan hanya ba. Ranar zan yi hagu.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Nola