Littafina Ya Yi Wata Bakwai a Sabuwa, Ya Dawo Ba Ɗa

Malama Zulaihatu, ki taimake ni kafin ranar Juma'a, don ranar za a kore ni daga wurin da na fi kowa dukiya a cikinsa.

Ni tsohon dillalin awaki ne, shekara arba'in ina shiga kara daga Ƙanƙara har 'Yankara. Ban yi boko ba, ban kuma ga abin da ya rage ni da shi ba. Matata Suwaibatu ce ke rubuta wannan, ita ta yi yaƙi da jahilci, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Ƙanena Malam Mani, Allah Ya ji ƙansa, malamin firamare ne. Da ya rasu, 'ya'yansa suka kwashe gona da babur, ni aka turo mini akwatin ƙarfe cike da littattafai, kai hamsin da uku. Da muka baro 'Yargoje muka dawo cikin gari, ba turke, ba majalisa, sai ni da akwatin nan. Wani malamin makaranta a Faskari, Salahuddeen, ya ji labarinsu, ya sa lambata a zaurensu na WhatsApp inda ake musayar littattafai tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Mutum ya ɗauki hoton littafi ya tura, mai so ya ce yana so, a ba direban mota ya kai. Yau shekara guda ke nan ina ciki. Ni da murya nake magana, su da yatsa. Abin da suka rubuta Suwaibatu ke karanta mini in ta ga dama. Ban taɓa gaya musu ba na karatu ba, ba kuma wanda ya tambaye ni.

Dokarsu ita ce duk wanda ya karɓi littafi sai ya faɗi yadda ya same shi. To ni ina faɗi. In ɗaga shi in ji nauyi, in shafa gadon bayansa, in buɗe in shinshina. Na ce musu wani yana da ƙashi mai kyau amma an kwantar da shi a danshi. Na ce wani, da ganinsa, gidan da ya fito akwai kyankyaso. Mai shi ya ji haushi, amma bai ce ƙarya na yi ba. Sauran sai su riƙa turo kawunan nan masu dariya har da hawaye. Ni ban ga abin dariya a danshi ba.

Ga inda rigimar ta taso. Wata malamar asibiti a Sabuwa, Blessing, ta karɓi babban cikin garken, wanda in ka ɗauke shi sai ka sa hannu biyu. Wata bakwai yana wurinta. Malama, a ƙasarmu in ka ba mutum kiwon akuya ta yi wata bakwai, da ɗa take dawowa, wani lokaci biyu. Na san littafi ba ya haihuwa, ban haukace ba. Amma ai akwai kunya. Ko ɗan siriri ne, irin mai shafi ashirin, ai ta haɗo shi da shi a ce ga abin da aka samu. Sai ga shi ya dawo shi kaɗai a leda, ya rame, bango yana lilo. Da na yi magana, sai ta ce wai rubuce-rubucen da aka yi da biro a gefen shafuka ne suka riƙe ta, ta yi ta komawa kansu. Wato a gaban mutum saba'in ta tona cewa dabbata na da tabo. Na san da zanen nan, kusan duk garken suna da shi, shi ya sa nake ɗaukar hotonsu a rufe. Dillalin kirki ba ya tona aibin hajar wani a tsakiyar kara.

Saboda haka littattafai uku na mutanen Sabuwa da ke hannuna na ɗaure su da igiya a ƙafar gado, kamar yadda ake yi wa bisar da ta shiga gona, sai an zo an yi magana. Na kuma yanke musu kunne, ɗan ƙaramin tsagi a kusurwar bango, irin shaidar gidanmu, don kada su ɓace. Duk nawa haka na yi musu, shi ya sa ba wanda ya taɓa salwanta. Na yi wa zauren bayani a saƙon murya goma sha huɗu.

Salahuddeen, yaron da na girmi ubansa, ya kira ni da ladabinsa na 'yan boko, ya ce: "Baba, ka saki littattafan nan, kuma ka faɗa mana abin da ke cikin ko da guda ɗaya ne, in ba haka ba ranar Juma'a dole in cire ka."

Abin da ke ciki! Takarda ce a ciki. Na ba su shawarwari na gyara, a riƙa ware sabon littafi kwana uku kafin a haɗa shi da sauran saboda gara, a daina ba direban da ke ɗora su kusa da jarkar manja, ba wanda ya ce sannu. Suwaibatu ta ce in fita da kaina mana. Ita ba ta sani ba, da safe in wayar nan ta fara ƙara, ji nake kamar ranar kasuwa ce. In an cire ni, da wa zan yi faɗa? Kuma ba zan tsaya gaban sa'o'in jikokina in ce ban iya karatu ba. Ki faɗa mini yadda zan sa su ba ni haƙuri.

Tsohon Dillali, Ƙanƙara

*

Baba, na gaishe ka, na kuma gaida Hajiya Suwaibatu da ta rubuta wannan duka ba ta ajiye biro ba. Allah Ya ji ƙan Malam Mani.

Inda kake da gaskiya, kana da ita sosai. Wata bakwai ya yi yawa, kuma wanda ya karɓi littafi da bango ya kamata ya mayar da shi da bango. Maganar gara da jarkar manja kuwa, da zauren ya saurare ka da ya amfana. Mutum saba'in suna da masu karatu, ba su da mai kula da lafiyar littafi ko ɗaya sai kai.

Amma kai ka fi ni sanin cewa kiwo da sharaɗi ake ba da shi, a gaban shaidu, tun ranar da aka miƙa igiya. Malama Blessing aro ta karɓa, ba wanda ya ce mata kiwo ne. Littattafan Sabuwa kuma ba su shiga gonarka ba, kai ka ce a aiko maka su. Ka kwance su yau, ka ba direba gobe. Ka kira masu su ɗaya bayan ɗaya ka ba su haƙuri kan kunnen da ka yanke. Da wani ne ya yi wa akuyarka shaidar gidansu, da har gaban mai unguwa sai kun je.

Sai maganar da kake ɓoyewa. Baba, wanda ya shekara yana shinshina littafi a gaban jama'a, ba na jin akwai sauran wanda bai gane ba. Sun gane, sun kuma bar ka a ciki, har suna jiran muryarka. Ina zaton Malam Salahuddeen ƙofa yake buɗe maka ka faɗa da bakinka. Ka faɗa. Ba wanda zai rage maka girma cikin mutanen da suka ci moriyar akwatinka.

In ka faɗa, sai ka kawo sharaɗinka, wannan karon tun kafin a karɓa: duk wanda ya ɗauki littafi daga wurinka, zai dawo da shi cikin wata ɗaya, tare da saƙon murya da Hausa yana ba da labarin abin da ke ciki. Ɗan da kake nema ke nan. Daga nan kai ma kana da abin cewa, kuma na tabbata mutumin da ya yi shekara arba'in yana gane ƙaryar masu sayar da bisa zai gane ta a bakin marubuci. Zauren ma zai ƙaru, don akwai masu kunya da masu raunin ido da za su ji daɗin wannan tsari. Ka roƙi a naɗa ka mai duba lafiyar littattafai, a sa wa'adin aro, a kuma yarda da shaida, amma ta biro a cikin bango, ba ta wuƙa ba.

Zanen da ka kira tabo, Baba, hannun ƙanenka ne. Abin da ya yi tunani ne yana karatu, ya rubuta a gefe. Malama Blessing ba aibi ta tona ba, cewa ta yi maganar Malam Mani ta riƙe ta wata bakwai. Shekara guda kana aika maganarsa Faskari da Sabuwa, kai kaɗai ne ba ka ji ta ba. Ka buɗe babban nan, ka zauna kusa da Hajiya, ka roƙe ta da lalama ta fara daga shafin farko.

Saƙon da za ka tura wa zaure kuwa ya zama guda ɗaya, kada ya wuce minti biyu, kuma ya isa kafin a tafi masallaci ranar Juma'a. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya bar ka cikin abokan faɗanka.

Malama Zulaihatu