Lomar Ranar Fasika

Debre Genet, bayan idin Fasika

Zuwa ga maigidana Endale,

Gaisuwa mai yawa tare da bege. Yaya jikinka, yaya zafin ƙasar iyaka? Gwiwar nan da ke damunka in ka daɗe a kan alfadari, ta yi sauƙi kuwa? Mu nan lafiya lau, godiya ga Ubangiji. Mahaifiyarka tana gaishe ka. 'Yarmu Zewde ta fara tafiya, kuma taurin kanka ta ɗauko, ba ta yarda a riƙe mata hannu.

Ba don gwiwarka kaɗai na ɗauki alƙalami ba. Kai ne mai riƙe garkuwar ubangidanmu Dejazmach Ashagre, in zai saurari wani a cikin mutanensa kai ne. Ni kuma nono ɗaya muka sha da matarsa Gimbiya Atsede a fadar mahaifinta Sarkin Sarakuna, malami ɗaya ya koya mana Zabura. In gidan nan ya rushe, a kanmu zai fara faɗowa.

Kana wurin ranar Fasika, idin tashin Almasihu, amma ka sunkuyar da kai kamar mai neman allura, don haka bari in gaya maka abin da ni na gani. Da safe, da aka fito daga coci, Gimbiya ta biya ta wajen kutarenta. Ka san tun da aka kawo ta garin nan ta iske su a ƙofar coci rana na dukansu, ta gina musu bukkoki a baya, ta ware musu hatsin gonakin da mahaifinta ya ba ta. Ran nan ta tarar da tsohuwa Ayalnesh, wadda ba sauran yatsa a hannunta, tana fama da gurasar injera, miya na zuba mata a cinya. Sai ta tsuguna, ta naɗe loma ta sa mata a baki. Daidai lokacin Dejazmach ya wuce da jama'arsa, ya gani.

Ni na zuba mata ruwa kafin a zauna cin abinci, ta wanke hannu da toka da lemun tsami har fatar ta yi ja. Zaure ya cika da limamai da hakimai. Ta naɗe masa gursha yadda ta saba, babbar loma da tsokar kaza da ɓarin ƙwai, ta kai bakinsa. Ya kau da fuska, ya ce ya ƙoshi. Mutumin da ya yi kusan wata biyu yana azumin nama, wai ya ƙoshi kafin ya taɓa komai. Hannunta ya tsaya a sama, har mai goge ya daina kiɗa. Ta ajiye lomar a gefen faifai, ta ce a ƙara wa baƙi giyar zuma. Ba ta ci komai ba ranar, amma sai da ta raka baƙo na ƙarshe.

Abin da ke ci mini rai shi ne na san yana sonta. Wannan ne fa mutumin da yake kama mata yatsa da haƙori in ta ba shi gursha, tana dariya tana ce masa kura. Da Jibin Ubangiji aka ɗaura aurensu a coci, irin wanda ba a kwancewa. Amma kunya ta kama shi, maimakon ya ba ta haƙuri sai ya tuna akwai 'yan fashi a iyaka, ya kwashe ku kuka tafi.

Endale, ko baƙon da bai san ka ba, ba ya ƙin loma daga hannunka, balle miji, balle a gaban jama'a, balle ga 'yar Sarkin Sarakuna. Ba ta aika wa mahaifinta ba, kuma ba za ta aika ba, amma mutanen da suka cika zauren nan da bakinsu suka koma gida. In magana ta kai fada, ka san inda ake kai surukin da ya wulakanta jinin sarauta: kan dutse, da sarƙa a ƙafa. Ka yi masa magana. Ya dawo kafin damina ta cika kogin Takaze, ya zauna a gaban mutane ya karɓi loma ɗaya daga hannunta, shi ke nan magana ta mutu.

Na aiko maka da barkono da soyayyen sha'ir ta hannun yayana Bekele. Ka gaida abokan aikinka. Mala'ika Mika'ilu ya tsare mini kai.

Matarka,
Tiruye


Debre Genet, tsakiyar damina

Zuwa ga maigidana Endale,

Ina gaishe ka, ina fatan zazzaɓin ƙasar can bai taɓa ka ba. Mu muna lafiya ta jiki. Ruwa ya yi gyara, ɗakin mahaifiyarka ya fara yoyo na sa an gyara.

Amsarka ta iso. Ka ce a bari ya huce, ba a yi wa babba magana yana cikin fushi. Na karanta na sake karantawa, ko zan ga wani abu bayan wannan, ban gani ba. Kai da ka taɓa tare mashi da ƙirjinka dominsa, buɗe baki ne ya gagare ka. To ga abin da jiran ya haifar.

Wani mawaƙi ya sa maganar a waƙa a gidan giya, fatake suka ɗauke ta har fada. Kafin kogi ya rufe sai ga Azaj Mekuria, amintaccen Sarki, da sojoji. Sun zo da alfadari mai jan sirdi ba kowa a kansa, da wata jakar fata da ke ƙara in an sauke ta. Ba wanda ya tambayi abin da ke ciki. Alfadarin na Gimbiya ne, a mai da ita gida. Jakar ta Dejazmach ce da manyan mutanensa, kana ciki.

Ta karɓe shi a ɗakinta, daga ni sai Abba Habte limamin cocinmu. Azaj ya ce abu ɗaya aka aiko shi ya ji daga bakinta: gaskiya ne mijinta ya ƙi loma daga hannunta a gaban jama'a? Ta ce gaskiya ne. Sai ta ƙara da cewa, "Kuma daidai ya yi, Baba Mekuria. Da ni ce shi, ni ma da na ƙi."

Ta naɗe hannun riga, ta nuna masa wani farin tabo a ƙasan gwiwar hannunta. Ta ce cutar mutanen bayan coci ce, mijinta ya riga kowa gani, ya rufa mata asiri ya bar gari da baƙin jini a kansa. Azaj ya ja da baya. Ya sa Abba Habte ya soka ƙaya a wurin, don an ce irin tabon ba ya jin zafi. Ina kallo ƙayar ta shiga har jini ya fito, ko ido ba ta ƙifta ba. Ya ce ta rantse, ta rantse da ran mahaifinta.

Endale, ƙuna ce. Bayan tafiyarku tana gasa wa mutanenta injera gefen kasko ya ƙone ta, ni na riƙa shafa mata man shanu har ya warke ya bar fari. Lafiyarta ƙalau kamar ni da kai. Ina tsaye a wurin ban tona ba, don in na buɗe baki na mai da ita mai rantsuwar ƙarya da ran Sarki, a gaban bawansa.

Azaj ya koma ya zauna. Ka san yadda ake cewa cutar nan a jini take bi. In aka ji ta a jikin 'yar Sarki, to an ji ta a gidan Sarki, ga ƙannenta mata ba a aurar ba. Ya ce ba za ta koma fada ba, kuma ba za ta zauna cikin mutane ba, ta keɓe kanta. A fada za a ce ta zaɓi bautar Allah. Washegari ya tafi da alfadarinsa da jakarsa, bai ko sha ruwa a gidan ba.

Da muka rage mu biyu na manta da ranki ya daɗe, na kira sunanta kamar muna yara, na ce Atsede me kika yi wa kanki? Tana ɗaure hannun da tsumma ta ce, "Tiru, kin taɓa ganin wanda aka hau da shi dutsen nan ya sauko da ƙafarsa? Ki ce mini Zewde ta tashi ba uba saboda loma ɗaya? Su kuma na bayan coci, in na hau alfadarin nan wa zai auna musu hatsi?" Na ce ai akwai wata hanya. Ta ce in faɗe ta. Har yau ina nema.

Ta koma bayan coci da tabarma da Zaburarta da tukunya biyu. Sauran kayanta ta raba. Mutanen gari ba a gaya musu komai ba, amma sun daina bin hanyar. Ni nake kai kaya bakin shinge, ta hana ni shiga saboda yarinya da bakin mutane.

Ta sa na yi alkawari ba zan gaya wa Dejazmach gaskiya ba. Ta ce ta san shi, in ya ji zai hau doki ya tafi fada ya tona, a rasa shi a rasa ta. Ban yi alkawari a kanka ba, don abin ya fi ƙarfin cikina ni kaɗai. Tunda ka iya shiru, ga wanda za ka yi.

Mahaifiyarka da Zewde suna gaishe ka. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Matarka,
Tiruye


Debre Genet, bayan idin Gicciye

Zuwa ga maigidana Endale,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya kaɗaici, yaya riƙon sansani da aka bar maka? Na ji an ce ka rame. Ka riƙa ci ko ba daɗi. Mu lafiya, damina ta ɗauke, furanni sun rufe tudu, an kunna wutar idi ba kai.

Na yi maka kaushin harshe a takardar baya, ka yi haƙuri. Ban janye ba, amma na san ba kai ka kau da fuska ba. Sai dai nakan zauna in ce da ka yi magana, da na bi Bekele na zo da kaina na faɗi a gabansa, da Abba Habte ya tsawata masa tun a zauren. Kowa a cikinmu ya jira wani.

Da Dejazmach ya iso gida, labarin ciwon ya riga ya kai masa, ni ya fara kira. Ya ce in gaya masa tsakanina da Allah, na ga tabon? Na ce na gan shi da idona. Bai tambayi wani abu bayan wannan ba, ni kuma na tsaya ina roƙon Allah ya tambaya.

Da yamma na raka shi bayan coci. Ya tsaya nesa da shinge, ya ja mayafinsa ya rufe hanci. Ta fito da farin zane irin na kowa, ta sa hannayenta a ciki. Ta yi duhu, ta faɗa, amma da ta gan shi fuskarta ta yi haske yadda na san ta ranar aure. Ya yi kuka, kuka na gaske, har kafaɗarsa na rawa. Ta yi masa sannu da hanya, ta tambayi dokinsa, ta tambaye ka. Daga nan muka juyo.

A hanya ne ya share ido ya ce mini tun ranar Fasika jikinsa ya ba shi. Wai ya sha zargin kansa a iyaka, ko barci ba ya yi, yana ganin ya zalunce ta, har ya yi niyyar ya dawo ya durƙusa mata. Ashe Allah ne ya kau masa da fuska. Ya ce yanzu ya sami kwanciyar rai. Na kalli ƙasa na ci gaba da tafiya.

Ba zan ce bai yi alheri ba. Ya ƙara wa bayan coci gonaki, ya sa a haƙa rijiya, ya ce a mai da shingen na dutse, a ɗaga shi. Ya rantse ba zai kawo wata mace gidan ba tunda auren coci ne da ba a kwancewa. A kasuwa yanzu ba hirar da ake sai tasa, mata suna cewa Allah ya ba su miji mai haƙurinsa.

Jiya ya sake kirana. Ya ce ya yi tunani, ita ta jawo wa kanta, ya sha hana ta cuɗanya da mutanen nan ba ta ji ba, ta bar shi ba mata ba magaji. Amma shi Kirista ne. In je in gaya mata ya yafe mata.

Na same ta a bakin shinge tana tsefe wa Ayalnesh kai. Na so in haɗiye saƙon, amma ta san fuskata, ta ce in faɗa. Na faɗa. Hannunta ya tsaya a cikin gashin tsohuwar.

"Da bakinsa ya ce ya yafe mini?"

Na ce da bakinsa. Na ce, "Atsede, ki sake ni daga alkawarin nan, yau ɗin nan in je in gaya masa."

Sai ta tambaye ni ko yana barci yanzu. Na ce ya ce yana yi. Ta ci gaba da tsifarta, ta ce, "To ki bar shi ya yi. Ki ce masa na gode."

Na kai masa. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya ba ni kyautar zane mai bakin zinariya. Yana nan a naɗe, in ka dawo ka shimfiɗa wa alfadarinka.

Mahaifiyarka tana sa maka albarka. Ka nemi izini ka zo gida, na gaji da riƙe wannan abu ni kaɗai a garin nan. Ubangiji ya kawo mini kai lafiya.

Matarka mai begenka,
Tiruye