Mijina ya daina ba da labarin jiya

Yaya Amparo, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Mijina Eusebio ya yi rayuwarsa yana koyar da Sifaniyanci a sakandaren garinmu. Rabin mutanen garin nan a hannunsa suka iya kalmomin aikatau masu taurin kai, waɗanda ba sa bin ƙa'ida idan ana maganar abin da ya wuce. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, magana ma ta dawo, amma waɗannan kalmomin sun ɓace masa. Zai ce "na samu", maimakon tuve sai ya ce tení. "Na ajiye" kuwa poní yake cewa, ba puse ba, kamar mai koyon magana.

Shi da kansa ya roƙe ni tun muna asibiti, ya ce, "Duk inda na kauce, ki gyara min." Ina ta gyarawa, a kan abinci, a hanya, har a gaban surukinmu. Ran nan a wurin karta yana ba da labarin kamun kifi sai ya kauce a wata kalma, amininsa Anselmo ya kwashe da dariya ya ce, "Kai malam, da ni ne na faɗi haka a ajinka ai da na sha ja a kunne!" Wasa yake yi, na sani. Amma tun ranar Eusebio bai koma ba. Yanzu in na tambaye shi yadda suka yi da likita, sai ya ce, "Lafiya lau." Mutumin da ba ya gajiya da labari!

Ga shi tsofaffin ɗalibansa sun shirya masa liyafa wata mai zuwa, suna so ya yi jawabi. Barci ya gagare ni. In ci gaba da gyaran, ko in yi shiru? Ko in ce musu ba shi da lafiya?

Mai damuwa, daga Zamora

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya.

Ba ki yi laifi ba, abin da ya nema kika yi. Amma lokacin da ya roƙe ki bai san nauyin abin ba. Mutum ba zai iya ba da labari yana jiran a kama shi ba.

Ki ware wa gyara lokacinsa. Kaɗan da safe, in ya yarda, ku bi kalmomin rukuni-rukuni, masu kama da juna: tuve, estuve, anduve tare, puse, pude, supe tare. Bayan nan ki ajiye aikin malanta. In ya ce poní, ki amsa masa a kan labarin, ki sako puse cikin maganarki ki wuce. Zai ji.

Ki nemi a haɗa shi da masu koyar da magana na asibiti, ki kuma faɗa wa likitansa wannan shirun, kada ya zama ciwon damuwa. Anselmo kuwa ki same shi, ya zo da kartarsa har gida.

Batun liyafa, kada ki yi masa ƙarya, kada ki yanke masa hukunci. Ki tambaye shi. In ya so ya rubuta ya karanta, in ya so ya yi da ka. Ɗaliban nan muryarsa suke kewa, kuma babu wanda bai taɓa yi wa gyara ba a cikinsu.

Allah ya ƙara masa sauƙi, ke kuma ya ba ki barci mai daɗi.

Amparo