Ruwan Fari a Tafkin Bado

Ruwan Bado, ta Dutsi
20 ga Afrilu, 2003

Zuwa ga maiɗakina Kulu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Yaya mutanen Zango, yaya kuke fama da zafi? Mu nan lafiya lau, sai dai tuwon da nake ci a gidan yayata ya sa na san darajarki, ko da yake ban so ki ji haka daga bakina ba.

Kulu, da za ki ga tafki yau ba za ki gane shi ba. Wurin da kike wanke kifi ya tsattsage, awaki ke kiwo a kai. Ruwa bai rage ko'ina ba sai a gurbin nan na gindin dutse, inda manyan tarwaɗa da karfasa ke taruwa su jira damina. Su ne irinmu, kuma yanzu duk cikinsu ƙwai ne. Na sa an yi shela na rufe kamun kifi a wurin har sai ruwa ya sauka, kamar yadda Baba yake yi lokacin da yake Sarkin Ruwa kafin ni.

Shekaranjiya masunta suka turo aminina Ya'u ya roƙe ni in buɗe musu ko na yini ɗaya, wai gero ya ƙare a rumbuna. Ban musa ba, ni ma na leƙa namu. Amma na ce masa in muka cinye uwaye a bazara, me zai haihu da damina? Ya tashi ransa a ɓace. Na san ke ma kina bayansu, don kin faɗa mini haka tun kafin ki hau mota. Ki yi haƙuri da taurin kaina, gado ne.

Ki gaida Inna da kyau. Ki huta lafiya.

Naki,
Ɗantsoho

2 ga Yuni, 2003

Zuwa ga Kulu,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Direban da ya kawo saƙonki ya ce Inna ta fara zama da kanta, na yi murna ƙwarai. Ƙuli-ƙulin ya iso, na gode.

Har yau ko ɗigo bai sauka ba. Sau biyu muna fita roƙon ruwa. Kullum bayan la'asar hadari zai haɗu a gabas, ya yi baƙi har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi. Ruwan gurbi da yake shanye mutum yanzu iyakarsa ƙirjina, ga shi da ɗumi kamar na wankan jego. Da safe kifaye kan taso sama suna buɗe baki. Ina tsayawa in yi ta kallonsu.

Akwai abin da ya dame ni, kuma gara ki ji daga wurina. Matar Ya'u ta haihu. Ana gobe suna na same shi a gurbi da tsakar rana, ya shiga da homa, tarwaɗa biyu a goransa. Bai gudu ba, bai kuma ba ni haƙuri ba. Na sa ya mayar da su ruwa, na karɓe homar na kai wa Maigari. Mutumin da muka koyi iyo tare! Amma in na ƙyale shi, kafin magariba gari duka na cikin ruwa. Na je sunan, aka ba ni tabarma, ba wanda ya zauna kusa da ni.

Malamin kifi na ƙaramar hukuma ya zo a babur ya duba, ya yaba mini, ya ce ƙauyuka da yawa sun share nasu kifin tas da gidan sauro. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi har na rako shi bakin hanya. Ruwa ɗaya kawai nake jira. Ran da tafki ya cika da 'ya'yan kifi, waɗanda ke kawar da kai yau su za su zo gaishe ni.

Ki ci gaba da yi mana addu'a.

Mijinki,
Ɗantsoho

15 ga Yuni, 2003

Zuwa ga Kulu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna, da fatan sauƙi na ƙaruwa. Jikina lafiya. Sauran kuma sai ki karanta.

Ruwa ya sauka ranar Alhamis bayan la'asar, mai ƙarfi, har garin ya ɗauki guɗa. Na tsaya a ƙofar gida ina jiƙewa ina hamdala. Da gari ya waye na nufi tafki da saurina, tun daga nesa na hango shirwa na shawagi. Kulu, gurbin nan fari fat yake da cikin kifi. Manya da ƙanana, duk sun juya. Ruwan ya koma baƙi, yana wari.

Malamin kifi ya dawo ya yi mana bayani. Ruwan fari, wato na farkon damina, shi ke wanke ƙasa. Ya kwaso kashin shanu na makiyayar gabas, da takin lambuna, da duk dattin rani, ya juye cikin ɗan ruwan da ya rage, kifi ya rasa numfashi. Sannan ya tambaya ko da can babu wata hanya da ake kawar da ruwan fari daga gurbin. Tsofaffi suka dube ni, ni kuma na dubi ƙasa.

Kin tuna gyaran bakin ruwa da Baba yake yi duk ƙarshen bazara? A yanka jan zakara a gindin dutse, sannan masunta su fito da fartanya su yashe tsohuwar magudanar gabas. Da aka ƙaddamar da Shari'a, Liman ya kira ni ya ce yankan nan ba na Musulunci ba ne, na yarda, har gobe kuma na yarda. Amma bai ce a bar haƙa ba. Ni ne na haɗa su na watsar, don na ɗauka duk tsafi ne, ina jin kunyar a ce Sarkin Ruwa na nan da al'adun da. Shekara ashirin ina riƙe wa Baba fartanya ban taɓa tambayarsa amfanin ramin ba. Magudanar ce ke janye ruwan fari ta kai shi fadama. Bara da bara waccan ruwa ya zo da wuri, tafki na da yawa, shi ya sa ba mu ga komai ba. Yashi kuwa yana ta cike ta.

Mutane sun tsinci abin da bai lalace ba, bai taka kara ya karya ba. Sauran kafin azahar ya kumbura, sai rami muka haƙa. Ya'u ne ya fara zuwa da shebur. Mun yi aiki kafaɗa da kafaɗa har la'asar bai ce mini uffan ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na hana shi kifi biyu ranar da ya fi bukata, ga shi na binne ɗaruruwa da hannuna. Jiya na karɓo homarsa na kai masa, matarsa ta ce ya tafi Hadeja neman wurin kamun kifi, sai abin da hali ya yi.

Tafki ya fara cika, gwanin kyau. Kwana uku ina jefa homa ko'ina ko zan ga motsi, ban samu komai ba sai kwaɗi. Baƙin ciki nake ciki, Kulu, irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba.

In Inna ta warware ki dawo, gidan ya yi mini girma. Ki biya kasuwar Zango ki sayo busasshen kifi ko na miya biyu ne, don babu ko ƙaya a gidan nan. Ki sa shi can ƙasan kayanki, kada a gani a mota.

Naki har kullum,
Ɗantsoho