Jan Ɗigon da Ke Kan Karu

Gwarinpa, Abuja
3 ga Maris

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da su Ameera. Yaya ƙafar taka?

Baba, don Allah ka daina nuna wa mutane taswirar da na aiko maka. Jan ɗigon da ke kan Karu kuskurena ne.

Ka san aikin ofishinmu shi ne tattara bayanin inda kowace dabba take rayuwa. A watan Nuwamba na kawo wani ƙadangare mai ƙaya a wutsiya, dangin jan gwada, amma ganye yake ci. Na auna shi, santimita talatin da biyu. Na ƙirga zobban wutsiyarsa har sau uku, na tabbatar Uromastyx geyri ne, wanda aka sani a duwatsun Azbin da kudancin Aljeriya. A takardar bayaninsa, a gurbin inda aka kama shi, na rubuta Karu, saboda a kasuwar Karu na same shi, wajen Malam Bello mai maganin gargajiya. Ban tambaye shi daga ina ya zo ba.

Oga Thaddeus, shugaban sashenmu, ya yi murna ƙwarai. Ya rubuta takarda cewa an ga wannan nau'i nesa da hamada, ya sa sunana kusa da nasa, zai gabatar a taro ranar Alhamis. Jiya na koma kasuwar neman ƙadangare na biyu. Malam Bello ya yi dariya, ya ce wani direba ne ya kawo masa shi daga Agadas a cikin buhu.

Ban gaya wa kowa ba. Wata mai zuwa za a tabbatar mana da aiki, kuma sai da sa hannun Oga. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Safiyatu

8 ga Maris

Babana,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya.

Na gaya wa Oga ranar Talata. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. A gabana ya kira masu taron ya janye takardar, ya ce musu laifinsa ne da bai tambaya ba. Ko sau ɗaya bai ambaci sunana ba. Na rasa inda zan sa idona.

Batun aiki kuwa, ya ɗage nawa zuwa wata shida. Ban roƙe shi ba, gaskiyarsa ce.

Ka gaya wa Inna da kanka, Baba. Ni ba zan iya ba.

'Yarka,
Safiyatu